Haɗa bachin shamisen a gida: katako, ƙaho ko roba?

Ɗalibin Kiɗa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen masu sani. Akwai shamisen a hannuna, wato abin kiɗan Japan mai tsirkiya uku da fata a fuska, mai kaurin wuya irin na kiɗan Tsugaru na arewacin Japan, amma babu bachi, abin da ake riƙewa a hannu a kaɗa shi da shi. Na kirki tsada gare shi, ga kuɗin aikowa daga Japan. So nake in haɗa nawa. Da me ake yi, yaya awonsa yake, kuma a ina aikin ya fi lalacewa? Ina da ƙaramin zarto, magagari, samfefa da injin huda.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka kyauta da ka faɗi irin kiɗan tun farko, don bachi ba ɗaya ba ne. Na nagauta, kiɗan da ke rakiyar wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki, tsawonsa wajen santimita 19 zuwa 20, kuma shi ne aka fi yi da katako ga masu koyo. Na jiuta, kiɗan da ake yi a zaune cikin ɗaki, ya fi kowanne girma, tsawo ya kan haura santimita 23, baki kuma ya wuce 12. Na gidayu, kiɗan wasan 'yar tsana na bunraku, kauri da nauyi gare shi, bakin ba faɗi sosai. Naka na Tsugaru shi ne ƙaraminsu: tsawo santimita 17 zuwa 18 da ɗoriya, faɗin baki wajen 9.

Abin da za ka riƙe a ranka shi ne, a kiɗan Tsugaru ba tsirkiya kaɗai ake taɓawa ba. Bachin yana ratsa tsirkiya ya sauka kan fata da ƙarfi, shi ya sa kake jin amo kamar ana kiɗan ganga a ƙarƙashin waƙar. Makafin makaɗan da suka fara wannan kiɗa a yankin Tsugaru, yammacin lardin Aomori, masu bi ƙofa ƙofa, a waje suke kiɗa, dole sauti ya yi ƙarfi. Saboda haka bakin bachin yana shan duka sau dubbai. In ya yi tauri ƙwarai, wuyan hannunka da fatar shamisen ne za su sha. In ya yi gautsi, kunnensa, wato tsinin da ke kowane gefen bakin, zai ɓalle. Ana son ya ɗan lanƙwasa ya dawo nan take. Duk sauran aikin a kan wannan yake.

Malam Kafinta:
Kafin a yi gardamar kaya, a fara da zane, don ko da me za a yi, zane ɗaya ne. Ɗalibi, samo kwali mai ɗan kauri. Ja layi na tsakiya mai santimita 18. A ƙarshe ɗaya ka ja layin baki, santimita 9, wato 4.5 kowane gefe. A ɗaya ƙarshen, gindin mariƙi, santimita 2.4. Daga gindi zuwa wajen santimita 8 mariƙin yana tafiya kusan miƙe, yana ɗan tsukewa zuwa 2.2, daga nan sai ya fara buɗewa a lanƙwashe har kunnuwa biyu, kamar bakin gatari. Kada ka zana gefe biyu da hannu. Zana ɗaya, ninke kwalin a layin tsakiya, ka yanka tare. Dalili kuwa ana juya bachi a yi kiɗa da kowane kunne, in suka bambanta ko da milimita biyu ne hannu zai ji.

Sai zane na biyu, na gefe, wanda masu farawa suke mantawa. A gindi kauri wajen santimita 2.4, yana raguwa sannu a hankali har baki. Raguwar ta zo daga fuska biyu daidai wa daida.

Ni shawarata, na farko ka yi shi da katako guda, ba haɗi. A Japan ma katakon kashi, wato wani nau'in oak mai tauri, da na itatuwan tsuge da hiiragi ake amfani da su. A nan kirya ko kanya ko zuciyar tsamiya duk suna da taurin da ake so, in dai sun bushe sarai.

Maman Ilham:
Malam Kafinta, a kan zane ba ni da ja. A kan katako guda kuwa ina da. Ga nagauta ya yi. Ga Tsugaru ba ya daɗewa, kai ma ka san dalili.

Malam Kafinta:
Na sani, Hajiya. Layukan itace suna tafiya daga gindi zuwa baki, to a kunnuwa inda bachin ya buɗe, layukan gajeru ne, ba su da abin da ya riƙe su daga baya. Duka kaɗan sai kunne ya tsage ya bi layi. Ana rage matsalar: a zaɓi katako mai miƙaƙƙen layi ba ƙulli, a bar bakin ya kai milimita 1.5 zuwa 2, sannan a ɗiga sufa gulu mai ruwa ruwa a kunnuwa ya tsotse, ya bushe, a goge. Amma na yarda ba ya hana tsagewa gaba ɗaya. Abin da ya sa nake cewa ya fara da shi, katako yana koya wa hannu siffar. Wanda bai taɓa fito da wannan raguwar kauri da magagari ba, kada ya fara koyo a kan abin da ya sha wuyar samu.

Injiniya:
To in don koyon siffa ne na goyi baya. Amma bachin da za a yi kiɗa da shi kullum, kashi biyu ake yi: mariƙi daban, baki daban. Haka na asali yake, baki na ɓawon kunkurun teku da suke kira bekko, mariƙi na hauren giwa ko ƙahon ɓauna ko roba. Kada kowa ya nemi waɗannan biyun na farko. An haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989 ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, Japan kuma ta daina shigo da ɓawon kunkurun a farkon shekarun 1990. Ko an samu tsohon bachi na bekko, tsallaka iyaka da shi matsala ce.

Robobin da ake samu a falle uku ne, kuma halinsu ya sha bamban.

Akirilik, wanda masu allon talla suke yankawa, yana ba da sauti mai kaifi, yana gogewa ya yi sheƙi, amma gautsi gare shi. In aka sirantar da shi ƙasa da milimita 1.5, kunne yana ɓallewa, kuma inda ya ɓalle kaifi yake kamar kwalba. Folikabonet, wanda ake yin gilashin hular kwano da garkuwar inji da shi, ba ya fashewa da wasa, yana lanƙwasa ya dawo. Sautinsa ya ɗan fi dushewa, yana kuma saurin karcewa. Na uku shi ne asital, wanda aka fi sani da Delrin: santsi gare shi a kan tsirkiya, yana jure gogayya, amma gam ba ya kama shi, sai da ƙusa.

Ga mai zarto da magagari kawai, folikabonet mai kaurin milimita 3 nake zaɓa. Yanki mai santimita 10 a faɗi da 9 a tsawo ya isa.

Baba Masassaƙi:
Yaro, kun tsallake abin da ke gabanku. Ƙaho fa? Ɓawon kunkuru da ƙahon saniya asalinsu ɗaya, irin abin da farce yake ne. Shi ya sa ƙaho yake da wannan danƙon da roba ke kwaikwayo. Mutanen Japan da kansu suna yin bachi da ƙahon ɓauna, kuma a Okinawa, inda sanshin, abin kiɗansu mai tsirkiya uku, ya fito kafin ya haye ya zama shamisen a ƙarni na 16, ƙaho ake sa wa a yatsa a kaɗa. Mu kuwa ga shanun rahaji masu manyan ƙahoni, kowace mayanka akwai.

Ga yadda ake yi. Zaɓi ƙaho mai faɗin gindi, wanda ba ya da tsaga ko ɓarguwa. In da ƙashin ciki, a dafa shi a ruwa har ya saki, a buga ya fito, a wanke, a shanya a inuwa ya bushe ƙayau. Yanke bakin gindin nan mai siriri ka yar. Daga nan ka yanko zobe mai tsawon santimita 9 zuwa 10. Faɗin ramin ya kai santimita 4 ko 5, don idan aka buɗe shi, kewayensa ne zai zama faɗin bakin bachi. Tsaga zoben a tsaye ta cikin lanƙwasar. Kankare ciki da waje har kauri ya daidaita, milimita 3 zuwa 4, tun kafin wuta. Wanda ya sa ƙaho mai kauri a nan siriri a can, wani wuri zai ƙone wani bai yi laushi ba.

Tafasasshen ruwa ba ya miƙar da ƙaho ya zauna. Zai yi laushi, ka danne, bayan kwanaki ya koma yadda Allah ya halicce shi. Mai ake sa wa, man gyaɗa ya yi, zafinsa digiri 160 zuwa 175. Ƙahon ya zama busasshe, in da ruwa a jikinsa man zai fantsama. Tsoma shi da awartaki, ƙasa da minti ɗaya, kana ciro shi kana dubawa. Da ya yi laushi ka buɗe shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu ɗumi, ka matse da ƙarfi, ka bar shi ya kwana. In ka ga yana kumfa ko ya yi fari fari yana wari, ya ƙone, gautsi zai yi, a sake wani.

Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara girma, bayanin ya cika. Abu biyu zan ƙara. Na ɗaya, ƙahon da ya sha mai gam ba zai kama shi ba. Sai an wanke da omo da ruwan ɗumi sau biyu ko uku, ya bushe a matse, a karce wurin haɗin da samfefa mai lamba 80. Na biyu, ƙaho falle falle yake a ciki, kuma bayan an miƙar da shi layukan ba sa kwanciya daidai da fuska. Idan ana sirantar da baki, wani lokaci falle yana ɗagowa a daidai kunne. Kuma yana jin yanayi: damina ya sha laima, hunturu ya bushe ya kantare.

Baba Masassaƙi:
Gaskiya ne yana motsi. Maganinsa a miƙar da falle biyu ko uku lokaci guda, a ajiye su mako biyu ko uku ba matsi, wanda ya zauna a miƙe shi za a ɗauka. Kuma a riƙa goga magagari daga mariƙi zuwa baki, hanya ɗaya, kada a dawo da shi baya ya ɗaga falle. Amma a kunne, ƙaho ya fi roba daɗin amo nesa ba kusa ba. Roba in ta sauka kan fata wani ƙas ƙas take yi mara daɗi.

Maman Ilham:
A nan ina bayan Baba wajen sauti, ina bayan Injiniya wajen sauƙi. Ɗalibi, yi na roba ka fara kiɗa, ƙahon yana can yana zama.

Ɗalibin Kiɗa:
Na gode ƙwarai. To haɗin fa, ya ake yi kada baki ya fita? Kuma siririn bakin ya kai nawa?

Malam Kafinta:
Mariƙin katako ka yi shi tsawon santimita 13. A ƙarshensa mai buɗewa ka tsaga baki da zarto, daidai tsakiyar kauri, zurfin santimita 3.5 zuwa 4, faɗin tsagar daidai kaurin fallen, milimita 3. Zarto ɗaya ba zai ba ka 3 ba. Yi yanka biyu kusa da juna, ka cire tsakiya, ka daidaita da samfefa da aka naɗe a siririn ƙarfe. Fallen ya shiga da ɗan matsi, ba da duka ba. In sai an buga, leɓen katakon zai tsage. Abin da zai fito waje santimita 5 ne, sai ka samu 18 ɗinka.

Gam mai haɗi biyu za ka sa, irin Araldite, amma mai jinkirin bushewa, wanda ake bari awa 24. Mai minti biyar yana kamawa kafin ka daidaita, kuma bai kai wancan ƙarfi ba. Karce fallen ta fuska biyu inda zai shiga. Bayan ya bushe ka huda rami biyu na milimita 2 su ratsa katako da falle, ka zura wayar tagulla da gam, ka yanke ka goge ta yi daidai da fuska. Sai bayan haka za ka sassaƙe leɓɓan katakon su sirance har su ɓace a jikin fallen. Babban yatsa a nan yake zama, in da tudu zai ji.

Injiniya:
Gargaɗi ga mai folikabonet: kada sufa gulu ko tina ko asiton su taɓa shi. Suna sa shi ya yi ƙananan tsagogi a ciki, musamman kusa da ramin ƙusa. Ruwa da sabulu ya isa wajen wankewa.

Maganar siririn baki kuwa, a nan mutane suke ɓata aikin kwana uku cikin minti biyar. Taurin falle ba daidai yake tafiya da kaurinsa ba, kaurin ake ninkawa sau uku a kansa. In ka rage kauri da rabi, taurin ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Daga milimita 1.2 zuwa 1.0, abin da ido ba ya ko gani, taurin ya ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari. Saboda haka ka tsaya a 1.5 tukuna, ka gwada a kan shamisen, ka rage kaɗan, ka sake gwadawa. Ga folikabonet da ƙaho, tsakanin 1.0 da 1.3 a bakin ƙarshe yakan yi. Raguwar ta faro tun daga inda katako ya ƙare, milimita 3, ta sauko a hankali. In santimita ɗaya na ƙarshe kaɗai ka sirantar, duk lanƙwasar a wuri guda za ta taru, nan zai yi fari ya karye.

Dabara: manna samfefa a kan gilashi ko tayil mai shafaffen fuska, ka riƙa goga bachin a kai maimakon ka goga samfefa a kan bachi. Zana layuka da fensir a fuskar fallen, inda layi bai goge ba nan ne kwari. Ƙirga gugar kowace fuska don su zo daidai. Kuma a sa takunkumi, ƙurar ƙaho da ta roba ba ta da kyau ga huhu.

Maman Ilham:
Bari in tsaya a kan kunnen, don shi ne yake taɓa kayan kiɗan. Tsirkiya ta ɗaya, mai kauri, ta siliki ce, zare ne da aka murɗa. Kunne mai ƙaiƙayi ko kaɗan yana yanka zaren ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga tsirkiyar ta fara gashi a daidai wurin duka, ba da jimawa ba ta tsinke. Ta uku, siririyar, masu Tsugaru sun fi sa ta nailan, ta fi juriya, amma ita ma karcewa take. Fatar kuwa ba a magana: akwai ɗan falle da ake mannawa a inda bachi ke sauka, bachigawa, kada ka gwada sabon bachi in babu shi. Sake fata tsada gare shi, kuma ba kowa ke iya ɗaure ta ba.

Don haka kunne ya kasance da tsini a ido, amma ba kaifi a hannu. Dunƙule tsinin kaɗan, kamar rabin milimita zuwa ɗaya. In ka dunƙule da yawa, lokacin ɗago tsirkiya daga ƙasa, wato sukui, kunnen zai zame ba zai kama ba, sautin ya fito a shaƙe. Bi samfefa a jere: 120, 240, 400, 800, 1200, 2000, daga 400 zuwa sama da ruwa. Kada ka tsallake lamba, karcen 120 ba ya fita da 800. Ƙarshe ka goge da man goge baki a kan tsumma mai laushi. Gwajin shi ne ka ja auduga a gefen bakin da kunnuwa. In ko zare ɗaya ya maƙale, da sauran aiki.

Mai Gurmi:
Tambaya a gefe. Masu garaya busasshiyar fata mai tauri suke kaɗawa da ita. Ba za ta yi bakin bachi ba?

Baba Masassaƙi:
Ba za ta yi ba, ɗana. A garaya ɗan ƙaramin yanki ne a tsakanin yatsu. A faɗin santimita 9 fata ba ta tsayuwa a miƙe, gumi yana sa ta laushi, kuma ba ta dawowa da sauri bayan duka.

Ɗalibin Kiɗa:
Saura nauyi. Na ga ana rubuta 20, 25 a jikin wasu, ban gane ba.

Maman Ilham:
Monme ne, tsohon ma'aunin Japan, guda ɗaya giram 3.75. Mai 25 ke nan giram 94 ba kaɗan. A bachin nagauta aka fi ganin wannan, kuma na katakon dalma ake cusa masa a mariƙi don ya kai. Na Tsugaru ya fi haka nauyi. Ka nufi giram 120 zuwa 150, mai ƙaramin hannu ya tsaya a ƙasa. In bachi ba nauyi, za ka riƙa dannawa da ƙarfin dantse don sauti ya fito, wuyan hannu ya ƙage. Nauyin ne ya kamata ya faɗa kan tsirkiya, hannu yana rakiya kawai.

Injiniya:
Mariƙin katako da baki na roba za su ba ka giram 65 zuwa 80, gwargwadon itacen. Ni tagulla na fi so a kan dalma, dalma guba ce, narka ta a gida ba shi da amfani. Sandar tagulla mai kaurin milimita 10, tsawon santimita 5, giram 33 ce. Mai milimita 12 da tsawon 7 kuwa wajen giram 67, ka cire nauyin katakon da ka huda, ribar wajen 60. A mariƙi mai santimita 2.2, rami na 12 ya bar maka milimita 5 kowane gefe, ya isa, amma kada ka wuce haka.

Malam Kafinta:
Kuma ka huda ramin tun katakon yana gunduma mai kusurwa huɗu, kafin sassaƙa. In ka bari sai ya sirance, injin zai kauce ya ɓullo ta gefe. Fara da bakin huda na milimita 4, sai 8, sai 12, kana fito da shi kana zubar da gari. Kafin ka sa gam, zura sandar ka toshe da takarda ka yi kiɗa. In kan bachin yana rinjaya gaba, matso da sandar gindi. In gindi ya yi nauyi har baki yana tashi, tura ta ciki ko ka rage tsawonta. Ana son nauyin ya tsaya wajen yatsan tsakiya da mai bi masa. Sandar ta zauna cikin gam gaba ɗaya, in da sarari za ta riƙa ƙara a ciki. Toshe gindin da ɗan katako iri ɗaya.

Maman Ilham:
Kada a manta da kusurwoyin mariƙi. Gindin bachi tsakanin ƙaramin yatsa da mai bi masa yake shiga, kuma ƙaramin yatsan yana shan matsi har sai ya yi kanta. Kusurwa mai kaifi tana yanka shi, mariƙi mai zagaye kuma yana juyawa a hannu. Bar shi da kusurwa huɗu, ka dakushe su kamar milimita 1.5. Kada ka shafa fenti mai sheƙi, da gumi ya zo zai zame. Kakin zuma kaɗan a goge da tsumma ya isa.

Ɗalibin Kiɗa:
In kunne ya ci ko ya ɗan ɓalle bayan an fara amfani, a jefar ne?

Baba Masassaƙi:
A'a. In ɓallewar ba ta wuce milimita biyu ba, ka goge duk layin bakin a kan gilashin nan mai samfefa har ya koma miƙe, kunnuwa biyu tare, sannan ka sake sirantar da fuska biyu kaɗan, don bakin ya ƙara kauri da ka ci shi baya. Ka sake bin samfefa har 2000 da gwajin auduga. Ana iya haka sau uku ko huɗu kafin faɗin ya ragu har hannu ya ji. Na ƙaho kuma in ka gama kiɗa ka share gumi, ka sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri ka ɗaure da roba, kada ka bar shi a mota ko a bakin taga inda rana ke duka.